Garwashin Da Na Shigo Da Shi Kicin

A lokacin da abin nan ya faru ni direban bas ne a kudancin London, ina zaune da matata a wani ɗan flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Catford, hawa na uku. Mutum ne ni mai ji da kansa a kan abu ɗaya, wato girki. A Kano ko ruwan shayi ban taɓa dafa wa kaina ba, amma zaman gwauranci a ƙasar nan ya koya mini tukunya, har na wuce koyo na koma yi wa mutane lacca. Abokaina sun daina zuwa gidana da yunwa, don sun san sai sun saurari tarihin albasa kafin a zuba musu abinci. Idan na ga girki a waya sau ɗaya, a ganina na iya shi ke nan, wanda kuwa ya ce mini ba haka ake yi ba ya ja wa kansa dogon bayani. Edita, ba don na huce nake rubuto muku wannan ba. Na rubuto ne don na san akwai gidajen mutanenmu da yawa a garin nan da suke yadda gidana yake a ranar, kuma masu gidan ba su sani ba.

Mun daɗe da aure ba haihuwa. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san yadda wayar gida take zama, a gaisa, a tambayi aiki da sanyi, sannan a ce ana nan ana addu'a. Mun yi zaryar asibiti har muka gaji, an aiko mana da sassaƙe da rubutu daga gida mun sha. Sai da muka fara cire rai sannan Allah ya kawo cikin. Tun daga ranar na zama ɗan sanda a gidana. Na hana ta ɗaukar ledar cefane, na hana ta hawa kujera ta ɗauko abu a sama, duk abincin da ungozoma ta ce mai ciki ta kiyaye na kwashe shi daga firij. Matata mace ce mai haƙuri da son dariya, takan ce ita take ɗauke da cikin amma ni nake laulayin. A lokacin cikin ya shiga wata na bakwai, an gaya mana namiji ne, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar wani abu ya same shi.

Tana aiki a wata makarantar renon yara. Da za ta fara hutun haihuwa sai abokan aikinta suka yi mata ɗan liyafa, kowa ya kawo abin da ya dafa. Wata Ba'amurkiya a cikinsu ta kawo shinkafar yankinsu da suke kira jambalaya, dafa-duka ce da kaza da sosej mai ƙamshin hayaƙi, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Matata ta ce da aka buɗe kwanon sai da yawunta ya tsinke, ta riga ta ɗauki cokali sai matar ta tuna ta riƙe mata hannu, ta ba ta haƙuri ta ce sosej ɗin na alade ne. Haka ta dawo gida da kwaɗayin abin da ba ta ɗanɗana ba. Ta yi maganarsa da daddare, ta tashi da ita da safe. Na dafa mata jollof ta ci don kada in ji haushi, amma ta ce ba shi ba ne, ƙamshin hayaƙin nan take nema. Ni kuwa aka taɓa mini inda nake ji da kaina. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan yi mata shi tun daga tushe, har sosej ɗin da hannuna zan haɗa, na halal, wanda Ba'amurkiyar da kanta za ta ci ta nemi ƙari.

Na yi kwanaki ina kallon yadda masu abin suke yi. Na gano cewa irin wadda ake kira ta Cajun ba a sa mata tumatir, launinta daga suyar nama yake fitowa, daga wannan jan da yake kamawa a gindin tukunya. Na gano kuma duk daɗin yana cikin sosej ɗin, kuma sai an banda shi a hankali a kan garwashi ya sha hayaƙi. Na je wurin mahaucina a Peckham ya niƙa mini naman sa da ɗan kitse, ya samo mini hanjin rago wankakke, yana ta yi mini tsiya wai direba ya koma kishiyar mahauta. Na kwaɓa naman da tafarnuwa da masoro da garin barkono da jan garin tattasai da gishiri, na bar shi ya kwana a firij. Washegari na yanke wuyan robar ruwa na mayar da shi mazurari, na riƙa ɗura naman a hanjin ina ɗaurewa da zare. Hanjin ya fashe mini ya fi a ƙirga, matata tana zaune tana dariya har tana riƙe ciki. A ƙarshe dai na jera su a faranti, wasu sirara wasu kamar ƙafar jariri, na ɗauki hoto na tura wa abokaina.

A nan dole in faɗi wani abu game da gidanmu. Matata ba ta rabuwa da turaren wuta, kamar yawancin matanmu. Duk sanda ta sa garwashi a kasko ta zuba turare, ƙararrawar hayaƙin da ke manne a rufin ɗaki sai ta ɗauki ihu, maƙwabta su leƙo. Haka in ana suyar nama. Da farko safa nake sa mata, yadda na ga ana yi a gidajen abokai, har akwai wanda ya koya mini amfani da hular wanka. Daga baya na gaji na cire ta gaba ɗaya. Akwai kuma wata 'yar ƙarama fara a bangon kicin kusa da injin ɗumama ruwa, wadda ita ma ta taɓa yin ƙara wata rana da aka yi baƙi aka cika turare. Ban tsaya sanin bambancinsu ba, na ɗauka duk aikinsu ɗaya, wato tona wa mutum asiri. Na zare batirinta na jefa ta cikin kabad. Kuma da yake hunturu ne, na bi gefen tagogi da ƙasan ƙofar baranda na liƙe duk inda iska take shigowa, ina alfahari cewa gidana ko ɗigon sanyi ba ya ratsawa.

Ranar Asabar ce, ba ni da aiki. Da hantsi na fitar da ɗan murhun gashi mai murfi zuwa baranda, na hura gawayi, na zuba ɓawon itace da na jiƙa, na jera sosej na rufe. Hayaƙi ya fara fita a hankali, ƙamshi ya tashi, matata ta leƙo ta ce wallahi shi ne, wannan ƙamshin ne. Ba a jima ba sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijuwar da ke samanmu ce, Baturiya mai ciwon asma, ta ce hayaƙi ya cika mata ɗaki, kuma ta tuna mini cewa council ta hana gashi a baranda. Ba ta yi faɗa ba, amma ta ce in ban daina ba za ta kira su. Na ba ta haƙuri a baki, a zuci kuwa ina cewa mutanen nan ba su san daɗi ba. Kafin in gama tunanin abin yi sai ruwa ya sauko, irin mai zuwa a karkace, yana dukan murfin murhun. Na buɗe na duba. Sosej ya yi ja amma cikinsa bai nuna ba. Ɓawon itacen ya cinye, hayaƙi ya ɗauke, saura garwashi jajir mai tsabta.

Na tsaya ina kallon garwashin nan. Na tuna kakata da kaskonta a ɗaki lokacin sanyi, na tuna masu tsire da masu gasa masara da muke tsayawa a kansu muna jin ɗumi, ba wanda ya taɓa mutuwa. Abin da na sani tun ina yaro shi ne hayaƙi ne mugu, in gawayi ya kama ya daina hayaƙi to ya zama lafiyayye. Ban tuna cewa ɗakin kakata ƙofarsa asabari ce, rufinsa kuma iska na shiga ta ko'ina ba. Na sa tsumma na ɗauki murhun na shigo da shi kicin, na ɗora a kan tiren ƙarfe a ƙasa, na ja ƙofar baranda na rufe ruf don kada wani ƙamshi ya sake hawa wurin dattijuwar. Da na ga wutar tana ja baya sai na kama wasu 'yan gawayi a kan gas, yadda ake kama na turare, na ƙara. Kicin ɗinmu da falo a haɗe suke, babu bango a tsakani.

Matata ta ji daɗin abin ƙwarai. Ta jawo kujera ta zauna kusa da murhun ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta ce rabonta da jin irin wannan ɗumin tun tana gida, ɗumin hita ba ya shiga ƙashi. Ni kuma na hau aiki. Na soya cinyoyin kaza a babbar tukunya har suka yi ja suka bar kamu a gindi, na tsame, ina yi ina yi mata bayanin dalilin kowane mataki kamar ta tambaye ni. Can sai ta ce kanta yana sarawa. Na ce ai yunwa ce, na miƙa mata dabino da ruwa. An jima ta ce ƙarar fankar da ke zuƙe tururi a saman murhu tana ƙara mata ciwon kan. Na miƙa hannu na kashe fankar. Ta ce ko za a ɗan buɗe taga, tana jin kamar iskar ɗakin ta yi nauyi. Na ce ruwa ake yi, sanyi zai kama ta, ta bari in gama. Ni ma a lokacin na fara jin wani abu yana ɗaure mini goshi, amma na ɗora laifin a kan tashin asuba da na yi duk makon. Ta tashi da ƙyar ta koma doguwar kujera ta kwanta, ta ce in tashe ta in abinci ya sauka.

Da na zo yanka kayan miya sai na ga ban sayo ganyen miyar nan da ake kira seleri ba. Girkin yana tafiya ne da abu uku, albasa da koren tattasai da seleri, kuma mutum irina ba zai yarda a ce ya tsallake ɗaya ba. Na kashe gas, na bar murhun gawayi yana aikinsa, na ja ƙofa na fita. Ina sauka ƙasa iska ta buge ni, kafin in kai shago ciwon kan ya tafi kamar an cire mini hula. Har na yi murna, na ce ashe gajiya ce kawai. Wannan wurin shi ne yake hana ni sukuni har yau, domin jikina ya gaya mini gaskiya ƙarara, ni ne ban saurara ba. A shagon na haɗu da wani abokina ɗan Jos da muke aiki tare, na tsaya ina nuna masa hoton sosej, ina koya masa yadda ake ɗura hanji. Ya ce yana sauri, na riƙe shi sai da na kai ƙarshen bayanina.

Da na dawo na buɗe ƙofa, gidan ya yi ɗumi ya yi tsit. Babu hayaƙi ko kaɗan, sai ƙamshi mai daɗi. Na leƙa ta, tana kwance ta juya baya, na ɗauko bargo na lulluɓa mata ina takawa a hankali don kada in tashe ta. Na koma na ciro sosej, ya nuna ya yi kyau fiye da yadda na zata. Na yanka shi ƙwaya-ƙwaya na soya, na zuba albasa da tattasai da seleri a man, na kankare kamun nan har ya narke ya ba da launi, na zuba shinkafa da romo na mayar da kaza na rufe. An ce ba a buɗewa ba a juyawa, don haka na tsaya a kanta ina jira. Ciwon kan ya dawo, wannan karon da nauyi. Zuciyata tana bugawa da sauri. Cokali ya suɓuce daga hannuna, na sunkuya in ɗauka sai na ji ƙasa tana jana, na dafa kabad na daɗe kafin in miƙe. Na ce bari in tashe ta ta ɗanɗana sosej ko guda ɗaya ne. Na kira ta ba ta amsa ba. Na taɓa kafaɗarta na juyo ta, sai na ga ta yi amai a kan matashin kai ba ta ma sani ba. Ta buɗe ido ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta yi wata magana da ban gane ba, idon ya sake rufewa.

Ban san yadda na kira motar asibiti ba. Na san dai ina ta maimaita musu cewa tana da ciki, tana da ciki. Ko a lokacin ban kawo gawayin a raina ba, tunanina hawan jinin masu ciki ne. Mai amsa wayar ta yi mini tambayoyi, na kasa haɗa amsa, harshena ya yi nauyi, na zauna a ƙasa na rungume kan matata ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ma'aikatan suka iso, mace da namiji, ko taku uku ba su yi cikin gidan ba wata 'yar na'ura da ke maƙale a jakar macen ta ɗauki ƙara. Na ga fuskarta ta canja. Ta daka mini tsawa in fita waje yanzu, namijin ya banƙare ƙofar baranda da tagogi, suka ɗauko matata suka fito da ita matakala suka sa mata abin shaƙar iska. Macen ta tambaye ni me muke ƙonawa a ciki. Na ce ba komai, girki kawai nake yi. Ta nuna mini murhun ta ƙofa, ta tambaya tun yaushe yake nan. Da na gaya mata sai ta juya ta ce wa abokin aikinta su yi sauri.

A babban asibitin Camberwell aka kwantar da mu duka biyu, kowa da abin shaƙa a fuska. Wata likita ta zauna a bakin gadona ta yi mini bayani a hankali. Ta ce gawayi yana fitar da wata iska mai guba ko da babu hayaƙi, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Ta ce ni fitar da na yi ce ta rage mini. Ta ce matata za ta farfaɗo, amma jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar, kuma ya fi daɗewa kafin ya sake ta. Ta tambaya ko babu ƙararrawar wannan iskar a gidan, don ya kamata a ce akwai kusa da injin ɗumama ruwa. Na ce akwai. Ta jira in ƙarasa, na ce tana cikin kabad. Daga inda nake ina jiyo na'urar da aka ɗaura wa matata a ciki tana fitar da bugun zuciyar yaron, yana sauri, ya ja baya, ya dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba, kuma ban taɓa ƙin kaina kamar yadda na ƙi kaina a kan gadon nan ba.

Allah ya yi mana rahama, cikin bai zube ba. Ta haihu kafin lokacinta, yaron ya yi kwanaki a kwalba, muka dawo da shi gida. Likitoci suka ce sai dai a zuba ido a ga yadda zai girma, babu wanda zai iya cewa komai tun yanzu. Yau yana cikin shekara ta huɗu. Kyakkyawa ne, yana gudu, yana dariya irin ta uwarsa, amma har yanzu bai yi magana ba. Sa'anninsa suna ba da labari, shi kuwa sai ya kama hannuna ya kai ni wurin abin da yake so. Muna kai shi wurin masu koyar da magana. Na tambayi likita fiye da ɗaya ko abin da ya faru ranar ne sanadi, kowa ya ce zai iya zama shi, zai iya zama haihuwar wuri, zai iya zama haka Allah ya yi shi, kuma mai yiwuwa bakin ya buɗe gobe. 'Yan uwa a gida suna cewa ai wane ma sai da ya girma ya yi magana, don ba su san komai ba, ba mu gaya musu ba. Matata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba ko da wasa. Takan ce tare muka yi, ita ce ta nemi abincin, ita ce ta jawo kujera. Na san ƙarya take yi don ta sauƙaƙa mini, domin ita ta ce a buɗe taga.

Abin da na koya shi ne, sanin da muka zo da shi daga gida na gidajen gida ne. Gidajen nan a toshe suke kamar kwalba, abin da iska take kwashewa a tsakar gida a Kano a nan zama yake yi a ɗaki tare da iyalinka. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, kada ya shigar da garwashi cikin flat, ko na gashi ko na jin ɗumi, ko ya daina hayaƙi ko bai daina ba. Mai turaren wuta ta buɗe taga, ta fitar da kaskon da zarar ta gama. Wanda ya sa wa ƙararrawa safa ya tashi yanzu ya cire, wanda ya zare batir ya mayar, gara maƙwabta su yi ta leƙowa. In kana cikin gida kai da iyalinka kuka ji ciwon kai a lokaci ɗaya, ka fita waje ka ji ya sake ka, kada ka koma ka ci gaba da abin da kake yi, ka fito da kowa. In kuma matarka ta ce iskar ɗaki ta yi mata nauyi, ka ajiye iyawarka ka saurare ta. Ni kullum in na dawo daga aiki sai in durƙusa a gaban ɗana in ce masa ya ce Baba. Yakan kalli bakina da kyau, ya sa yatsa ya taɓa leɓena, ya yi murmushi. Ina nan ina jira.